'Ya'yanmu da Karatun Kimiyya: A Ina Muke Rasa Su?

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwanmu, tsohon malamin kimiyya da lissafi, ya gabatar a gaban dattawa, iyaye da matasa na ikkilisiyoyin yankin Kunci. Mun buga shi yadda ya faɗe shi saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

Na gode wa shugabanni da suka ga ya dace a ba ni wannan lokaci. Ni ba mai wa'azi ba ne. Alli na riƙe fiye da shekara talatin, don haka in kun ji maganata ta yi kama da ta aji, ku yi mini haƙuri, sabo ne.

Zan fara da tambaya, kowa ya amsa a ransa. A ikkilisiyarku, yara nawa ne suka gama sakandare cikin shekara goman da ta wuce? Na san da yawa za su ce, mun gode Allah, akwai su. To a cikinsu nawa ne suka zama likita, ko injiniya, ko ma'aikacin ɗakin gwajin jini, ko malamin lissafi, ko malamin gona? A nan ne za a yi shiru. Wasu ikkilisiyoyin ko ɗaya babu. Wannan shirun shi ne abin da ya kawo ni gabanku yau. Yaranmu suna shiga makaranta, amma a hanya muke rasa su, kuma wuraren da muke rasa sun nan sanannu ne. Idan muka san su, za mu iya tsayawa a bakinsu.

Abin da ya same ni

Bari in ba ku labarin kaina tukuna, don kada matasa su ɗauka ina magana ne daga sama. A makarantar da na yi, muna da malamin kemistiri mai ƙoƙari ƙwarai, amma ba mu da kayan gwaji. Akwai wani gwaji da kowane ɗalibin kemistiri yake yi a jarrabawar fita: ana zuba ruwan asid a wani dogon bututun gilashi mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa, ana ɗiga shi kaɗan kaɗan cikin wani ruwan har launinsa ya juya, sai a karanta ma'auni a yi lissafi. Malaminmu ya zana mana bututun nan a allo ya fi sau ashirin. Na haddace zanen, na haddace lissafin. Amma ban taɓa riƙe shi a hannuna ba sai ranar jarrabawa, da aka aro daga wata makaranta. Ina murɗa famfon, sai ruwan ya zube gaba ɗaya kafin in san ta inda ake rufewa. Na sake cikawa, hannuna yana rawa, lokaci ya ƙare. Ban sami kiredit a kemistiri ba. Sai da mahaifina ya sayar da akuya biyu na sake zama a shekara ta gaba. Wani ɗan'uwa da ke aiki a asibiti ne ya ba ni kwana uku ina koyon murɗa famfon nan da ruwan rijiya. Kwana uku kacal, su ne suka raba ni da komawa gida.

Abokaina da dama ba su sami mai sayar da akuya ba, ba su kuma sami mai ba su kwana uku ba. Wasunsu sun fi ni kai nesa ba kusa ba.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu

Akwai masu cewa kimiyya ta 'yan birni ce, ko ta mutanen kudu. Tarihi bai yarda da wannan ba. Likita na farko da Arewacin Nijeriya ta samu, Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne ta Zariya. An haife shi a 1912, ya yi karatun likita a Jami'ar Bamingam ta Ingila, kuma sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Jihar Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Ancau a 1927, shi ma a makarantar Wusasa ya fara. Ya zama likita, ya kuma zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Waɗannan mutane Hausa suka tashi da ita a gida, tuwo suka ci kamar namu. Wasu daga cikin iyayenmu da ke zaune a nan kuwa sun san makarantar kwana ta yara maza da mishan ta buɗe a Roni, nan kusa da mu, sun kuma san irin malamai da ma'aikatan asibiti da ta fitar.

Jiharmu ma ta taɓa tsayawa ta duba wannan matsala. A 1977, da gwamnatin Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, sai ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu. A 1981 aka ƙara ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jigawa bayan raba jiha a 1991. Dabarar mai sauƙi ce: a zaɓo yara ta hanyar jarrabawa, a ajiye su a makarantar kwana, a ba su malamai da ɗakin gwaji. Yaran da aka kwaso, da yawansu daga ƙauyuka, su ne suka cika asibitoci da jami'o'i da ma'aikatun Kano daga baya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku ne a kan tarihin waɗannan makarantu. Darasin a bayyane yake: ɗan ƙauye in ya sami malami da kayan aiki, yana yi.

Yau kuma makarantun gaba da sakandare sun matso kusa da mu. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon fasaha a Bici. Ga Foliteknik ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Ga Jami'ar Bayero a Kano, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka buɗe a 2001, wadda tun 2022 ake kira da sunan Aliko Ɗangote. Kakanninmu ba su ga wannan ba. To me ya hana yaranmu cika su? Wurare huɗu na gani muna rasa su.

Wuri na farko: firamare

Yaro yana shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa. Littafin lissafi da na kimiyya kuwa da Turanci suke, jarrabawa ma haka. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko. A 2022 aka ce a kai har aji shida, sai kuma a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Manya suna ta juya manufa, yaron ƙauye kuwa yana nan tsakiya: bai iya karanta Hausa da kyau ba, bai kuma ji Turanci ba. Sai ya koma hadda. Malam ya faɗa, aji ya maimaita.

Na sha gwada yara 'yan aji ɗaya na sakandare. In na rubuta tambayar rabawa da Turanci, sai su zuba mini ido. In na ce, "An sayo ƙwai talatin da shida, gida huɗu za su raba, nawa kowa zai samu?" kafin in rufe baki sun ce tara. Yarinyar da take tallan ƙosai tana ba da canjin naira dubu ba ta kuskure, ita ce kuma ake cewa ba ta da kan lissafi. Lissafin yana nan, harshe ne ya tare shi. Tsohon ministan ilimi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba.

Yaron da ya bar firamare bai iya jadawalin sau ba, bai gane rabi da kwata da kashi cikin ɗari ba, zai sha wuya a fizis da kemistiri har ya gama, domin duk a kan waɗannan aka gina su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wuri na biyu: ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare

Iyayena dattawa, in za ku manta da duk abin da na faɗa, ku riƙe wannan. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi ko kasuwanci. Yaro yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar. A mako ɗaya ake yanke abin da zai bi shi har tsufa, kuma yawancinmu ba mu ma san an yi ba.

Ga dalili. Duk mai son karatun likita, ko injiniya, ko haɗa magunguna, ko kimiyya a jami'a, sai ya kawo kiredit biyar, a ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, ga mai son fannin lafiya kuma har da bayoloji. A jarrabawar JAMB, mai neman injiniya zai rubuta Turanci, lissafi, fizis da kemistiri. Mai neman likita zai rubuta Turanci, fizis, kemistiri da bayoloji. Yaron da bai yi fizis a aji ɗaya na babbar sakandare ba, ƙofar nan ta rufu a gare shi, ko da kuwa shi ne na ɗaya a aji.

Na san wata yarinya da ta fi kowa lissafi a ajinta. Makarantar da ke kusa da gidansu ba ta da malamin fizis a lokacin, sai aka zuba dukan 'yan ajin a ɓangaren adabi. Bayan shekara uku mahaifinta ya zo wurina da sakamakonta mai kyau, yana murna, ya ce yana so ta yi aikin jinya. Da na duba takardar, na rasa ta inda zan fara gaya masa. Ban ce adabi ba karatu ba ne. Muna bukatar lauyoyi da malaman harshe. Amma yaro ya zaɓa da saninsa, iyaye kuma da saninsu, kada rashin malami ya zaɓa masa.

A wannan aji ukun ne kuma ake rubuta jarrabawar shiga makarantun kimiyya da fasaha na jiha, waɗanda hukumarsu ta musamman take gudanarwa. Iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar shugaban makaranta yaushe fom yake fitowa? Sau da yawa labari yana iso ƙauye bayan an rufe.

A nan kuma muke rasa 'yan mata. Da yarinya ta kai aji uku, sai a fara maganar aure, ko a tura ta birni aikatau, ko a ce hanyar makaranta ta yi nisa. Iyayena mata, ku ne kuka fi kowa sanin wahalar zuwa asibiti a rasa ma'aikaciya mace. Ma'aikaciyar nan 'yar wani ce da aka bari ta yi kemistiri. Akwai Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, 'yar ƙasar Gezawa. Sai da ta yi aure ta haihu, tana da shekara 29, sannan ta shiga jami'a ta karanta fizis, kuma a 2015 aka ba ta lambar yabo ta duniya saboda bincikenta a kan yanayin sararin sama. Wadda ta yi aure ma ƙofa ba ta rufe mata ba, balle wadda take gabanmu.

Wuri na uku: jarrabawar fita da ta shiga jami'a

Wahalar da na sha da bututun gilashi har yanzu yara suna shan ta. Ana koyar da kimiyya da baki da alli. Yaro zai zana ƙwayar halitta bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba. Zai yi lissafin wutar lantarki bai taɓa haɗa waya da batir da ƙwan fitila ba. A fizis da kemistiri da bayoloji kuwa akwai takardar gwajin hannu, kuma makinta yana cikin abin da ke ba da kiredit.

Sai kuma abin da laifinmu ne mu iyaye. Jarrabawar WAEC tana faɗowa a watannin Mayu da Yuni, ta NECO a Yuni da Yuli. Wane lokaci ke nan a wurinmu? Sharar gona, shuka da noman firi. Yaro zai yi sammako gona, ya dawo da rana a gajiye, da dare babu wuta, gobe yana da fizis. Na san ba mugunta ba ce, hannu ake bukata. Amma damina tana dawowa kowace shekara, jarrabawar nan kuwa in ta wuce sai an sake biyan kuɗi an jira shekara guda.

JAMB kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. Ku lissafa: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta, kafin tsoro ya sake shi minti goma sha biyar sun tafi, wato tambaya fiye da ashirin. Alhali abin ba wuya: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yini biyu na gwaji ya isa ya cire masa tsoron.

Akwai kuma maganar takardu, wadda ta fi shafar irin gidajenmu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Mu kuwa yaro a gida Tanko ne, a majami'a Bitrus, a makaranta malam ya rubuta masa sunan da Turanci, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. In sunan da ke kan sakamako bai yi daidai da na shaidar ɗan ƙasa ba, sai a yi ta zirga-zirga har lokaci ya wuce. Haka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makarantun jiha da neman tallafin karatu. Na taɓa raka wani ɗalibina wani ofishi sau huɗu, saboda wanda muka tarar ya ga sunansa ya ƙi yarda ɗan ƙasar nan ne, sai da mai unguwarsu ya zo da kansa ya ce ya san kakansa. An ba shi, amma fom ɗin da yake nema ya riga ya rufe. Maganin wannan shi ne a nemi takardu tun yaro yana aji ɗaya, cikin natsuwa da ladabi, tare da masu unguwanni da dagatai waɗanda suka san gidajenmu.

Wuri na huɗu: shekarar farko a babbar makaranta

Muna ɗauka in yaro ya sami gurbi an gama. A'a, a nan ne wasu suke faɗuwa shiru. Ya tashi daga aji mai mutum hamsin ya shiga ɗaki mai ɗaruruwa, malami yana magana da sauri, ba mai tambayarsa ko ya gane. Abokansa sun taɓa kayan gwaji, shi bai taɓa ba. Kunya ta hana shi tambaya. Kuɗin abinci ya ƙare a tsakiyar zango. In ya faɗi darasi biyu ko uku ba zai faɗa a gida ba, domin dukan ƙauye sun riga sun fara kiransa Injiniya. Karatun injiniya shekara biyar ne, na aikin gona biyar, na likita shida. Tafiya ce mai nisa ga yaron da ba shi da wanda zai kira.

Ku kuma sani jami'a ba ita kaɗai ce hanya ba. Difloma ta foliteknik shekara biyu ce, takardar malanta ta NCE shekara uku, kuma daga kowacce ana iya wucewa jami'a. Yaron da ya yi NCE a lissafi da fizis a Bici ya dawo ya koyar a nan, ya toshe mana ramin da muke ta faɗawa. Tun 2024 kuma akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, wanda ake kira NELFUND, ga 'yan manyan makarantun gwamnati. Ta intanet ake nema, don haka sai an sami mai nuna wa yaro.

Ɗakin gwajin da ke cikin gidajenmu

Na zo da kofi uku, ga su a kan tebur, duk ruwan zoɓo ne marar sukari. A na farko zan matsa lemun tsami. Kun ga ya ƙara ja. A na biyu zan zuba ruwan kanwa. Kun ga ya yi duhu, ya juya zuwa kore. Na uku na bar shi yadda yake don a gwada. Iyayena mata suna dariya, domin sun san wannan tun ba a haife ni ba. To wannan shi ne ainihin gwajin da ya kayar da ni. Lemun tsami asid ne, kanwa da ruwan toka kishiyarsa ne, zoɓo kuma shi ne mai nuna wanda ya rinjaya. Duk lokacin da uwa ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, kemistiri take yi.

Haka yake a gona. Buhun takin zamani mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15, kashi 15 cikin ɗari ne na sinadarin da ke sa ganye kore, wato kilo 7 da rabi. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kashi 46 ne, wato kilo 23. Ka ba ɗanka farashin biyun ya gaya maka wanne ya fi araha in ganye kake nema. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin shuka da shuka 25, ka tambaye shi rami nawa ke nan. Amsar ta haura 53,000. Buhun nan mai ninki uku da muke adana wake a ciki ba magani, masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da takwarorinsu na Afirka. Ka tambayi yaro me ya kashe ƙwaron. Iskar da yake shaƙa ce ta ƙare a ciki. Irin wake da gyaɗa da dawa da muke karɓa masu suna da ya fara da SAM, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka fito, mutane irin yaranmu ne suka yi shekaru suna tace su. Ga madatsar ruwan Gari a ƙasarmu, ga injinan ban ruwa, ga famfunan sola da ke lalacewa a jira mai gyara daga Kano. Duk aikin 'ya'yanmu ne yake jiransu.

Abin da nake roƙo

Ba zan ce mu jira gwamnati ba. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa hukuma ta hanyar kwamitocin iyaye da malamai cewa muna bukatar malaman fizis da lissafi. Amma yaron da ke aji uku bana ba zai iya jira ba. Ga abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta buɗe littafi ta rubuta sunan kowane yaro da ajinsa. A naɗa dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata su riƙa bin 'yan aji uku: wane ɓangare za a sa su, makarantar tana da malamin fizis, yaushe fom yake fitowa, takardunsu sun yi daidai?

Na biyu, majami'unmu a rufe suke yawancin ranakun mako, ga benci, wasu har da allo da sola. A buɗe su yamma biyu a mako don lissafi da karatun Turanci. Ɗalibanmu da ke hutu da malaman da suka yi ritaya su koyar, ni ne na farko. A yi bayani da Hausa, a rubuta da Turanci. A kuma bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, domin makaranta ɗaya suke zuwa da namu, rashin malami ɗaya suke fama da shi, likitan da zai fito kuwa ba zai tambayi marar lafiya addininsa ba.

Na uku, a lokacin godiyar kaka a ware kwano ɗaya daga kowane magidanci saboda karatu. Magidanta arba'in, buhu ke nan. A adana shi zuwa bazara a sayar. In ikkilisiyoyi biyar suka haɗa, za a iya sayen bututun gwaji biyu ko uku, batir da waya da ma'aunin lantarki, da tsohuwar kwamfuta ɗaya, a riƙa zagayawa da su. A riƙa karanta lissafin kuɗin a gaban jama'a.

Na huɗu, duk gidan da ke da mai rubuta jarrabawar fita, matasa su yi masa gayya a gona, a sake yaron ya yi karatu na wata biyu.

Na biyar, duk ɗalibin da ya tafi babbar makaranta a haɗa shi da wani babba da zai riƙa kiransa ko sau ɗaya a wata, wanda zai iya gaya wa gaskiya in ya faɗi.

Ku kuma 'ya'yana matasa, ku ji ni. Kada ku yarda da satar amsa, ko wa ya kawo muku ita, ko da kuɗin iyayenku aka saye ta. Kiredit ɗin da ba naka ba zai kai ka aji, amma ba zai zauna maka jarrabawar shekarar farko ba, kuma gadar da aka gina da lissafin sata a kan mutane take faɗowa. Lissafi da fensir ake koyonsa, tambaya biyar kowace rana. In ba ka gane ba ka tambaya, mai tambaya ba ya ɓata. Wayar da ke hannunka tana iya nuna maka gwajin da makarantarku ba ta da kayansa, in ka ga dama.

A 2024 gwamnatin jiha ta sauya wa ƙaramar hukumarmu suna daga Kunci zuwa Gari. Sauya suna abu ne mai kyau, amma fitar da gida daga ƙunci sai da hannun 'ya'yansa. Ina roƙon shugaban taro, kafin mu tashi yau, kowace ikkilisiya ta ba sakatare sunan mutum biyun da za su riƙe littafin yara, domin in mun sake haɗuwa mu ji yara nawa ne suka shiga ajin kimiyya.

 Ubangiji ya albarkaci 'ya'yanmu, ya ba mu hikimar renonsu. Amin.